Mai Gyaran Kanta

Shekara goma sha ɗaya makullin ɗakin nan na aljihuna,
bayan injin casar shinkafa, kan hanyar Bunza.
Ɗaki mai sanyi, ƙananan fitilu na ƙyafta ido.
Ina da littafi, bangonsa ya sha maiƙon hannu:
in shanshera ta zo da danshi, rage gudu da uku;
in wuta ta yi rauni, sassauta wa na biyu;
in ka ji ta fara tari, Hakilu, tashi tsaye.

Nakan tashi kuwa.
Ƙarfe biyun dare, takalmi ɗaya a ƙafa,
ina lallaɓa lambobi kamar mai gyara wa maras lafiya matashi.

Bara aka kawo sabuwar manhaja.
Yaron da ya ɗora ta bai kai ƙanena ba.
Ya ce, Baba, wannan ba ta son hannu,
ita ke jin jikinta, ita ke sha wa kanta magani.
Na ce to. Me zan ce?

Da safe nakan buɗe bayanan da ta bari.
Ƙarfe biyu da kwata: ta sauke arba'in zuwa talatin da bakwai.
Abin da zan yi ke nan.
Ƙarfe uku: ta mayar.
Wannan ma.
Sai wani dare ta karkatar da nauyi ta wata hanya
da ban taɓa tunani ba, shekara goma sha ɗaya,
kuma tsakuwa ta ragu, ƙwaya ta fito ba karaya.
Na zauna na daɗe.
Kulu mai koko ta ce ko zazzaɓi ne.
Na ce a'a, ɗalibi ne ya wuce ni
ba tare da ya san sunana ba.

Sannan ruwa ya zo.
Gulbi ya haye fadama a dare guda,
ya kwashe gonar Maidamma, ya kwashe ta Nomau,
kwana tara ko buhu ɗaya bai shigo ƙofa ba.
Mutane na shanya tabarmi a kan katangar makaranta.

Na buɗe allo.
Kore, kore, kore, daga sama har ƙasa.
Ba jinkiri. Ba zafi. Ba kuskure ko ɗaya.
Ta rage nan, ta daidaita can,
ta rubuta cewa ba ta taɓa samun mako mai kyau kamar wannan ba.

Ban yi fushi da ita ba.
Mudun da muka ba ta, da shi ta auna.
Mun ce ta so sauri, ta so sanyi, ta ƙi ɓarna;
ba wanda ya gaya mata shirun injin
wani lokaci yunwa ce ke tafe a ƙafa.

Yanzu nakan yi barci har asuba, ba na ƙarya,
gwiwata ma ta gode mata.
Amma littafin yana nan a aljihun tebur.
Na juya shi ta baya, na fara sabon shafi,
ba na lambobi ba.
Na rubuta: Maidamma, buhu sittin, bana babu.
Na rubuta: Nomau ya sayar da jakinsa.
Fitilun na ta ƙyafta ido,
ita tana gyara kanta,
ni ina riƙe da abin da ba ta da wurin ajiyewa.