Allura da Fensir

Shekara hamsin da biyu a zauren Jibo, Anguwan Kahu,
ƙafa a tanƙwashe, wuyan riga a kan gwiwa,
na fitar da aska takwas, na ɗaura dagi,
na zagaya tambari ko zane ban duba ba.
Sai wata Laraba kafar allura ta ɓuya mini.
Na lashi zare, na auna, na kuskure.
Na sake lasa.
Yaran zaure suka sunkuyar da kai,
kowa ya ga abin dubawa a ɗinkinsa.

A Shika suka kwashe yanar da ta rufe ni.
Na dawo da ido biyu da leda guda:
na hawan jini, na suga, na gwiwa,
kowane kwali da rubutu a goshinsa
kamar sawun kaji a bakin rijiya.
Ni da ajami ya san ni tun ina ɗan bakwai,
ga ni ina jiran jika ya taso daga makaranta
ya gaya mini abin da zan haɗiya.

Mati ne ya tashe ni.
Ya sha na dare da safe, ya ƙara da na safen,
ya zube a kasuwar Tudun Wada
tsakanin kwandunan tumatir.
Allah ya yi da sauran ruwa a gaba.
Na je dubiya, ya kama hannuna ya ce,
"Nalado, farare ne duka, ta ina zan gane?"

Yanzu bayan la'asar, Litinin da Alhamis,
ina firamaren da ke bayan Ƙofar Kibo.
Mu goma sha ɗaya, haƙoranmu a haɗe
da ƙyar su cika baki uku.
An ce gemu ba ya hana ilimi,
amma ba wanda ya yi maganar gwiwa
da bencin da aka sassaƙa don 'yan shekara shida.

Malama Rahinatu ce ke riƙe da alli.
Ni na ɗinka rigar da ubanta ya sa ran sunanta.
Ban faɗa mata ba.
Tana cewa, "Baba, daga hagu ake farawa,"
hannuna yana komawa dama
kamar akuyar da ta san tsohon turke.

Sannu-sannu baƙaƙen suka saki jiki.
Wannan dagi ne da bai ƙullu ba,
wancan allura ce da ɗigo a kanta,
ƙa da ɗa kowa da 'yar ƙugiyarsa.
Ashe duk ɗinki ne,
zaren ne kawai ya zama baƙi.

A gida Uwani ta ɓoye gishiri,
shayi ya zama ruwan zafi mai launi,
goro ɓari ɗaya, shi ma da ido a kaina.
Bayan asuba nakan bi gefen ganuwa,
in tsaya inda Kufena ke leƙowa,
in gaishe shi, tsoho da tsoho,
in dawo kafin koko ya huce.

Na roƙi yaron kemis ya riƙa sa mini da Hausa.
Shekaranjiya na ɗaga kwali saitin taga:
ɗa-ya da sa-fe, ba-yan a-bin-ci.
Ba kowa a ɗakin.
Na sake karantawa don bango ya shaida.
Na ɗauki sanda, na nufi gidan Mati.

Riguna nawa suka fita daga hannun nan,
sun je Makka, sun je ɗaurin aure,
babu wadda ta tafi da sunana.
Jiya na rubuta shi da fensir.
Da ta juya mini baya, ta zama ba:
Nalabo.
Malama ta rufe baki da gyale.
Na ce, bar shi, yarinya, ba ni abin gogewa.
Warware ɗinki
shi na fara koya a zauren Jibo.