Gidaje Huɗu a Takarda

A Iquitos ruwa bai ɗauke ba tun la'asar.
Nélida Tapullima ta ja layi biyu, ɗaya gicciye kan ɗaya,
takarda ta zama gidaje huɗu.

Jinin mutum dubu, mazauna bakin kogi.
Ɗari ke da zazzaɓin dengi, babban awo ya tabbatar.
Sabon gwajin, ɗan tsinken nan mai araha,
ya cafke casa'in da ɗaya.
Tara suka sulluɓe masa kamar tarwaɗa.

Cikin lafiyayyu ɗari tara
ya yi wa arba'in da biyar ƙazafi.
Ke nan in ya ce "akwai" sau uku,
ɗaya ƙarya ce.

Likita ya leƙo riƙe da gahawa:
"Casa'in da ɗaya? Ai ya yi."
Ba ta ɗago ba.

Idonta na gidan ƙasa, hannun hagu.
Cikin taran akwai Eusebio mai kwalekwale,
wanda aka ce wa je ka gida, gajiya ce.
Ƙauyensu kwana biyu ne a ruwa.

Ta sake auna tazarar shakka:
taran na iya kaiwa sha shida.
Wuta ta ɗauke, ta dawo.