Ɗaki Ɗaya

Na warware tsohuwar suwaitar Baba,
wadda asu ya cinye wa kafaɗa.
Zaren ya fito a lanƙwashe kamar taliyar murji,
ya ƙi mantawa da jikin da ya daɗe yana rufewa.
Na jiƙa shi, na shanya a kan danga,
ruwan toka, launin bayan kurciya.

Hambali kan tashi kafin kiran assalatu,
ya ɗaure kwandunan tumatir a bayan babur,
daga Auyo ya miƙi hanyar Haɗeja.
Ɗarin bana ba ya sallama.
Yakan dawo yatsu a ƙage,
ko maɓallin rigarsa ba ya iya ɓallewa,
sai na zuba ruwan ɗumi a kwano
ya tsoma, yana cizon leɓe.

Ya taɓa sayo safar hannu wurin 'yan gwanjo,
mai yatsa biyar.
Shi kuwa huɗu suka rage masa a dama
tun ranar da bel ɗin injin ban ruwa
ya karɓi rabonsa.
Yatsan safar da ba kowa a ciki
ya riƙa reto a iska
kamar jelar ƙadangare,
yaran tasha suka gani.
Bai ce uffan ba.
A bayan turke na tsince ta, kaji na tono a kanta.

Shi ya sa tawa ba ta da yatsu.
Ɗaki ɗaya ne, kowa ya shige,
ba mai ƙirga wanda ya kwana da wanda bai zo ba.
Babban yatsa kawai na ware wa shago a gefe,
shi da ma ba ya kwana cikin yara.

Alluraina wayoyin keke ne guda huɗu,
Ɗan'azumi maƙeri ya goge musu baki.
A wuyan hannu na bi karatun Iya Tabawa:
biyu ta gaba, biyu ta baya,
har kunya ta tashi kamar an yi huɗa.
A tafi na zuba ƙwayar gero,
ɗaya gaba, ɗaya baya, layi na biyu a saɓa,
don ta kama maƙogwaron babur, kada ta zame.
A baya kuwa kitso na yi,
igiya uku suna haura juna,
irin wanda Inna ke mini daren salla
ina kuka tana cewa saura kaɗan.

Ban auna hannunsa ba. Da wane baki zan tambaya?
Jikin rumbu na je,
inda ya yi yaɓe shekaru uku da suka wuce.
Shatin tafinsa na nan a busasshiyar ƙasa,
yatsu biyar cif.
Da shi na auna.

Dare na shida fitilar caji ta yi ja,
ido ɗaya ya kuɓuce mini, ya gangara layi tara.
Na bi shi da tsinken kitso ina tsinto shi
kamar mai ciro guga a rijiya.
Ya hau, amma ya bar tabo.
Na ƙyale. Mu ma duk da namu.

Yau da asuba na ajiye su a kan sirdi.
Ta kafar ƙyaure na gan shi
ya sa ta hagu, ya daɗe riƙe da ta dama,
ya kai ta hanci.
“Yaya,” ya ce, bai juyo ba,
“ƙamshin Baba take.”
Sannan ya buga babur sau biyu, ya tashi a na uku.

Zaren da ya rage bai fi ƙwan zabo ba.
Na jefa shi a gwangwani, na hura wuta.