Tantani Na Goma Sha Biyu

Daga Sharaɗa aka kawo jarkar,
shuɗiya, bakinta ɗaure da leda.
Ispirit ne, in ji Malam Sadau na kamfanin fenti,
amma ruwa ya shige shi.
Sun dafa, sun sake dafawa,
tururi ya tashi da su biyun, manne da juna.
Wuta ta yi iya yinta ta haƙura.

Ni kuwa abin da ke hannuna
bai kai kaurin ɓawon albasa ba.
Ranar Litinin na dama shi kamar koko,
na shafa a kan gilashi,
na kifa kwano kada ƙuda ya sa ƙafa,
kwana uku ina leƙe.
Goma sha ɗaya sun yage kafin wannan,
suna cikin littafina, kowanne da lambarsa.

Kakata Tasalla, a Yakasai,
da tsohon ɗankwali take tace gasara:
dusa a sama, fari a ƙasa,
girma ne ke raba su.
Da na ce mata matacina ba shi da huda,
sai ta ajiye ludayi ta dube ni:
"To, ta ina?"

Ta ina kuwa, Iya!
Ba ƙofa ba ce, sabo ne.
Ruwa yakan jingina da shi, ya nutse cikin jikinsa,
ya ɓulla ta baya kamar numfashi.
Ispirit ya zo ya yi sallama,
ba a amsa ba.

Ƙarfe biyun dare. Tun isha'i aka ɗauke wuta,
janareta na tari a bayan ɗakin gwaji,
famfo na zuƙa, na zuƙa.
Can kan titin Gwarzo wata tirela ta yi gunji ta wuce.
A kwalbar da na binne cikin ƙanƙara
ɗigo ya bi ɗigo.
Ban yarda da idona ba, na kai wa ma'auni.

Giram huɗu da 'yan kai.
Ko makurwa ɗaya bai yi ba.
Gobe Malam Sadau zai ce, "Jarka nawa a yini?"
in sosa ƙeya.
Amma yanzu na ɗaga tantanin ga fitila,
na duba gefe da gefe,
na ɗauki biro na rubuta:
na goma sha biyu, bai yage ba.