Takardar Uzuri

Kwana huɗu ban leƙa ofis ba.
Oga ya ce in kawo dalili a rubuce,
da Turanci, kafin azahar.
Ga ni bakin shagon Bawa mai buga takardu
a Ƙofar Atiku, biro a hannu,
zafin Sakkwato na narkar da tawada.

Malam Haliru Gagi, Allah shi jiƙan ka,
kai ka koya muna a aji uku:
bikos ba ya tafiya shi kaɗai,
sai ya ja mai aiki da aikinsa a baya,
kamar raƙumi da kayan Illela.
Bikos of kuwa suna ɗaya ya ishe shi,
ka ɗora mishi ruwa, ko ciwo, ko rashin mai, shi ɗauka.
Diyu tu, ka ce, ɗan gaye ne,
ba ya zama sai an shimfiɗa mishi suna a gaba:
rashin zuwana, sannan shi, sannan dalili.
Wanda ya musanya su
ka kan zagaye mishi da jan biro
har takarda ta huje.

To ga ni na iya dokar, Malam,
abin da zan aza bayanta ne ya gagare ni.
In ce don Baba Tunau ya rasu?
In ce saboda zazzaɓi?
Likita ya rubuta zazzaɓi.
Inna ta ce a'a, zazzaɓi sanadi ne kawai,
kwana ne ya ƙare.
Ƙanena ya ce da motar ta tashi da wuri
daga Kwalkwalawa...
sai ya yi shiru.

Mu nan kalmomin suna da yawa:
don, domin, saboda, sabili da,
sakamakon abin da ya biyo baya,
albarkacin wanda anka ci arzikinsa.
Albarkacin albasarsa na shiga makaranta
har na san bikos.
Wannan kalma ban same ta a Turanci ba,
na duba.

Bawa ya ce in hanzarta, za su ɗauke wuta.
Na rubuta layi biyu:
rashin zuwana, diyu tu, rasuwar mahaifina.
Babu kuskure ko ɗaya.
Oga ya karanta, ya sa hannu,
ya ce Turancina ya yi kyau.