Ya Tone Abin da Ya Shuka

Yau mun rufe ka, Manjo Sapalo,
cikin jar ƙasar da ka sani fiye da fuskokin 'ya'yanka.
Masu haƙa sun sara ba fargaba,
ba wanda ya tuna kai ka sa
diga ke shiga gefen tudun nan lafiya.

Ni ne Kassoma, direbanka.
Shekara goma sha tara ina riƙe maka bakin igiyar awo.
Ba ni da bakin mai wa'azi,
abin da na gani da wanda na ji zan faɗa.

Ka shiga soja gemu bai tsiro ba,
lissafi a ka, fensir a bayan kunne.
Gadarka ta fari, a kan wani reshen Kwanza,
kwana arba'in kuna kafa ta, ruwa iya ƙirji.
Ran da aka gama, mata suka haye da masara a ka suna guɗa.
Wata bakwai tsakani, saƙo ya zo daga manya:
a karya ta kafin asuba.
Kai ka san inda ƙashin bayanta yake,
kai ka ɗaura mata nakiya.
An ce kwana uku tuwo bai wuce maka ba.

Sai shekarun shuka.
Umarni ne, ka bi, ba ka kuma taɓa laɓewa bayan kalmar ba.
Amma duk wadda ka binne
sai ka rubuta ta a ɗan littafi mai baƙin bango:
taku tara daga suri, gabas da mangwaron makaranta.
Abokai na dariya, wa ke ƙidaya ana yaƙi?
Ka naɗe shi a leda, ka kwana da shi a ƙirji.

Da bindiga ta yi shiru
wasu suka nufi Luwanda neman kujera.
Kai ka koma kan gwiwa,
da tsinken ƙarfe, kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro.
Taƙi ɗaya, ka tsaya, ka saurara.
Damina ta yi maka ƙeta, ta kwashe wasu daga inda ka aje su,
an sare mangwaron, surin ya zube.
Ɗaya ta riga ka zuwa wurin Ngueve,
'yar shekara tara, tana kora akuya.
Duk Lahadi ni ke kai ka gidansu,
ka zauna kan turmi, kana ƙara wa sandarta tsawo.
Uwarta ba ta taɓa miƙo maka ruwa ba,
kai ma ba ka taɓa nema ba.

Faɗa gare ka, ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba.
Ka taɓa sa ni kwance kusoshi sittin
don ɗaya ta yi sako-sako.
Ka ce, “Ƙasa ba ta mantuwa, Kassoma,
mu ne ke mantuwa.”

Shekara talatin da shida cikin kaki.
Lambobin yabo na gwangwanin biskit tare da maɓallai.
Yatsu biyu na hagu sun riga ka kwanciya.
Littafin kuwa, na buɗe shi daren jiya:
layi ɗari huɗu da goma sha ɗaya, an soke su da jan biro,
saura uku.

Ngueve ta zo, da ƙafar roba, da ɗa a goye.
Ba ta yi kuka ba, can baya ta tsaya.
Da aka watse ta ce in ba ta littafin,
ƙanenta ya shiga rundunar injiniyoyi bara.

Na biyo ta gadar, wadda ka maido kan tsoffin ƙafafunta.
Yara na dirowa daga kanta cikin ruwa,
babbar mota ta wuce da buhunan wake, ko gezau.
Babu sunanka a jikinta.
Na rage gudu, na danna oda sau ɗaya
kamar yadda nake yi da asuba a ƙofar gidanka.
Na ɗan jira.
Sannan na wuce.