Sanda a Kafaɗa

A Pokhara, ranar biyan fansho,
mukan hallara tun hazo bai saki kan duwatsu ba,
mu goma sha ɗaya a benci guda,
takalmin kowa yana ɗaukar ido,
kowa kuma da abin da yake ɓoyewa.
Harkaman ya cusa rawar hannunsa a aljihu.
Lalkaji yana gyaɗa kai ga zancen da bai ji ba;
na'urar kunnen da 'yarsa ta aiko daga Hong Kong
tana cikin gwangwanin shayi, tare da lambobin yabo.
Ni, gwiwa nake ɓoyewa.

Muna 'yan sha bakwai aka ɗora mana kwandon duwatsu,
aka nuna mana tudu, aka ce a guje.
A can muka haddace cewa jiki bawa ne,
umarni kawai yake ji.
Wanda ya tsaya an wuce shi,
wanda ya ce wash an rubuta sunansa.
Babu sajen da ya zauna ya koya mana
yadda ake maci a shekara saba'in da huɗu,
sai muka ƙarasa darasin da kanmu:
tsohon soja kwanson harsashi ne,
an riga an harba, a share shi gefe.

Gamansing ya fi mu yarda da wannan karatu.
Ran da ya cika saba'in ya ce an sallame shi karo na biyu.
Ya sayar da ɓaunarsa,
ya bar gonar gero ga ciyawa,
ya juya kujerarsa ta fuskanci bango.
Likita ya duba, ya sake dubawa, bai ga komai ba.
Damina biyu.
Da muka ɗauke shi zuwa bakin kogin Seti
bai kai nauyin jakar da muke goyawa a dajin Borneo ba.

Sabitri, ma'aikaciyar jinya, jikar wani a cikinmu,
ta miƙo mini sanda mai kan roba.
Na ce ta ajiye wa tsofaffi.
Ta ce, Kaka, gwiwar ba ta dame ni kamar bakinka ba.
Safe na ƙare, yamma na ƙare.
Ba kai ka ce jiki umarni yake ji ba?
To, yana jin ka.

Na kai ƙararta wurin Dilmaya.
Ta sauke damin ciyawar awaki daga goshinta,
shekara saba'in ita ma, haƙori shida,
ta yi dariya har da tari.
Ta ce, ni wa ya ɗauke ni aiki balle ya sallame ni?
Matsa, ka tare mini hanya.

Daga titi zuwa ƙofar gidana
matakalar dutse ɗari uku ce da tara.
Da ba na ƙirgawa.
Yanzu nakan saɓa sandar a kafaɗa kamar bindiga,
in wuce shagon mai shayi ƙirji a gaba,
samari suna cewa, Subeda bai tsufa ba!
Sai na sha kwanar da gora ta yi duhu,
inda babu ido,
in sauke ta, in ba ta rabin nauyina.
Ƙwas. Ƙwas.
Abin haushi, tana da daɗi.

Shekaranjiya a kwanar na ji tari a bayana.
Lalkaji ne, wanda ko tsawa ba ya ji,
ya tsaya yana kallon bakin sandata
daidai inda take bugun dutse.
Na dubi kunnensa.
Wani ɗan abu mai launin toka ya leƙo ƙarƙashin hula.
Bai ce ba, ban ce ba.
Ya gyara tsayuwa, na gyara,
muka ci gaba da hawa,
hagu, dama, sanda,
saura ɗari biyu da arba'in.